Gudun sanyi da tirelar kwana: zangon gunduma zai riƙe mu har ƙarshen hunturu?

Tambaya: Wata Hajiya mazauniyar Minnesota ta ce ita da maigidanta sun yi ritaya, sanyin garin ya fara cin gwiwoyinsu. Sun sayi tirelar kwana ta hannu mai tsawon ƙafa 26, a-kori-kurarsu za ta ja. An ba su labarin wuraren yada zango da gundumomi ke gudanarwa a kudancin Amurka, wai sun fi na 'yan kasuwa araha da sarari. Tana son sanin ko za su iya zuwa ɗaya su zauna daga Disamba zuwa Maris, kuma wace jiha ta fi.

Amsa: Hajiya, sannu da hutawa, Allah Ya sanya albarka a ritayar, a miƙa gaisuwata ga Alhaji. Wanda ya ba ku labarin nan bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa muku. Hunturu tara na yi ina jan tirela tsakanin Arizona da Texas, biyu daga ciki ina aikin sa-kai na kula da zango a wata gunduma. Ni ne mai zagayawa da sassafe da takarda a hannu ina duba wanda kwanakinsa suka cika. Abin da na fi maimaita wa mutane a wannan aiki shi zan fara gaya miki: zangon gunduma sunansa zango. A sauka, a huta, a ɗaura kaya a yi gaba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna a Arizona da Florida ba sa barin mutum ya wuce kwana 14 a jere a tsakiyar hunturu, akwai ma mai kwana 7. Zaman wata huɗu a wuri ɗaya kamar yadda kika tsara sai a 'yan wurare, kuma waɗanda na sani da kyau suna can ƙarshen kudancin Texas. Zan zo kansu.

Mutanen nan suna kiran irinmu tsuntsayen ƙanƙara. Ni 'yan ci-rani nake ce mana, sai dai namu cin ranin a juye yake: a gida ana barin ƙauye a tafi nemo kuɗi, mu kuwa kuɗin muke ɗauka mu kai wa garin rana. Masu karɓar kuɗin kuma huɗu ne, wato gwamnatin tarayya, da jiha, da gunduma, da ɗan kasuwa. Gunduma kamar ƙaramar hukuma take a wurinmu, amma tana karɓar harajin gidaje da filaye da kanta, tana da 'yan sandanta da ma'aikatar kula da gandun shaƙatawa. Sun haura 3,100 a ƙasar, kowace da dokarta da shafinta na intanet. Zangunan tarayya akasari a Recreation.gov ake kama su, na gunduma kuwa sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Katin nan na dattawa da tarayya ke sayar wa 'yan ƙasa da masu katin zama da suka kai shekara 62, na dala 80 har ƙarshen rayuwa, wanda ke rage rabin kuɗin kwana a filayen tarayya, ba ya aiki a ƙofar gunduma. Na sha ganin tsoho ya zaro shi yana murmushi, in ba shi haƙuri.

Dalilin ƙayyade kwanakin ba boyayye ba ne. Filin na mutanen gundumar ne, da harajinsu ake gyara shi, an yi shi ne don magidanci ya kwaso 'ya'yansa ranar Juma'a su kwana biyu a daji. Idan aka bar baƙin Kanada da Minnesota suka kafe wata huɗu, ɗan gari ba zai ga wuri ba. Cunkoson kuma ya ƙaru bayan korona. A 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da motocin gida da tireloli sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, alhali filayen zango ba su ƙaru haka ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan gundumar Maricopa, wadda birnin Phoenix ke cikinta, domin duk mai yabon zangon gunduma yawanci ita yake nufi ko bai faɗa ba. Tana da gandun daji na shaƙatawa da suka kai eka 120,000, sun yi wa birnin zobe: Usery Mountain a gabas kusa da Mesa, McDowell Mountain a arewa maso gabas kusa da Fountain Hills, Cave Creek a arewa, Lake Pleasant a bakin tafki, White Tank Mountain a yamma. Da yawan filin nan asalinsa na tarayya ne, gundumar ta same shi da araha ƙarƙashin dokar 1954 da ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar fili don amfanin jama'a. Shi ya sa ba su yi rowar ƙasa ba. McDowell ya haura eka 21,000, amma wuraren kwana a babban zangonsa ba su kai 80 ba. Ki kwatanta da zangunan 'yan kasuwa na cikin Mesa, inda za ki ga wuri sama da 1,000 a cikin katanga ɗaya, idan maƙwabci ya yi atishawa sai ki yi masa addu'a daga kan gadonki.

A Usery kuwa tsakaninki da maƙwabci akwai sarƙaƙiya da duwatsu da waɗannan dogayen itatuwan ƙaya da ake kira saguaro, masu kama da ƙerana amma sun fi gidan bene tsawo, sun ɗaga hannuwa sama kamar masu kabbara. Wurinku tsakuwa ce a daddaɓe, da tebur, da murhun gashi, da famfo, da turken lantarki. Da asuba za ki fito da bargo a kafaɗa, numfashi na hayaƙi, karnukan daji na kuka can nesa. Kafin ƙarfe goma kin ajiye bargon, da azahar kina neman inuwa. A Janairu zafin rana a Phoenix yakan kai digiri 19 zuwa 20, dare ya sauko wajen 7, a gefen duwatsu ya fi haka sauka. Busasshen sanyi ne irin na hunturun gida, har da tsagewar leɓe da kaushi, don haka ki taho da man kaɗanya. Ga masu ciwon gaɓɓai, ni a jikina wannan bushewar ta fi mini damshin bakin teku. Kuma babban kanti da asibiti ba su fi tafiyar minti ashirin ko talatin ba, wanda a shekarunmu ba ƙaramin abu ba ne.

To yaya ake cinye hunturu a inda ba a wuce kwana 14? Da kewaye. Sati biyu a Usery, a ɗaura tirela a koma McDowell, daga nan Cave Creek, sai Lake Pleasant ko White Tank. Tsakanin kowane biyu tafiyar awa ɗaya ce ko da ɗan ɗori. Zango huɗu sun ba ku wata biyu ke nan. Wahalar tana wajen kama wurin. Maricopa na buɗe rajista wata shida kafin ranar sauka, ma'ana idan Janairu kuke so, cikin Yuli za ki zauna gaban kwamfuta, kuma ba sau ɗaya ba: kowane zango da ranarsa, duk bayan sati biyu ki sake zama. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya tuna a Oktoba, abin da zai tarar kwana biyu nan, kwana uku can, daren Juma'a da Asabar duk an kwashe. Akwai masu fasawa, musamman idan saura sati ɗaya ko biyu, kuma na sha tsintar wuri mai kyau ta haka, amma ba a gina tafiyar kilomita dubbai a kan tsintuwa.

A Tucson, gundumar Pima na da zangon Gilbert Ray a cikin Tucson Mountain Park, gandun da aka kafa tun 1929. Wurare 130 ne, da lantarki, ruwa kuma a famfunan haɗaka, babu wurin wanka, iyakarsa kwana 7. A kyau dai ban ga na biyunsa ba, yana jingine da gandun tarayya na Saguaro. Abu biyu zan ja kunnen Alhaji a kai. Na farko, taswirar waya za ta so ta bi da ku ta Gates Pass, siririyar hanya mai lanƙwasa a kan dutse wadda ba ta masu jan tirela ba ce. Ku zagaya ta Ajo Way ku shiga Kinney Road. Na biyu, Tucson ta fi Phoenix tudu da kusan mita 400, darenta yakan kai ga daskarar da ruwa. A can na yi karatuna na farko: na bar tiyo a jone da famfo na kwanta, da safe na tarar ya zama sanda, matatar ruwan da ke bakinsa ta tsage gida biyu. Tun ranar, idan aka ce dare zai kai sifili, nakan cika tankin ciki da yamma, in kwance tiyo in zazzage shi in naɗe.

Yanzu maganar araha, wadda ita ce ta fi ruɗin mutane. A kwana ɗaya zangon gunduma ya fi na ɗan kasuwa sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma gunduma mai iyakar kwana 14 ba ta da farashin wata, kullum kuɗin dare ɗaya take lissafawa. A ce dala 40 ne a dare. A wata ya zama 1,200. Ɗan kasuwa kuwa yakan tsuga kuɗi a dare ɗaya, amma ya karya shi sosai ga mai biyan wata ko wata uku, sai dai ya sa miki mitar lantarki daban. A kwarin Rio Grande na Texas akwai zangunan 'yan kasuwa marasa ƙawa da kuɗin watansu bai kama ƙafar 1,200 ba. Saboda haka abin da kike saya a Maricopa sarari ne da shiru da tsaro, ba rangwame ba. Wanda kuɗi kaɗai ya dama, hamadar Quartzsite ta Arizona yake nufa, filin tarayya da ake zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, wanda shekaru da yawa kuɗin kakarsa gaba ɗaya dala 180 ne. Can babu turken wuta, sai sola da batir da jigilar ruwa. Ba zan tura ku can a shekarar farko ba. Inda gunduma ta yi wa ɗan kasuwa fintinkau kuma shi ne ba ruwanta da shekarun tirelarku. Wani zangon kuɗi ya taɓa mayar da ni daga bakin ƙofa don tawa ta haura shekara goma, alhali tsaf take. Tunda taku ta hannu ce, ki riƙa tambayar wannan doka kafin ki biya ko'ina.

Sai Texas, inda tsarinki na zama wuri ɗaya zai iya yiwuwa. Gundumar Cameron, a can inda Amurka ta ƙare Meziko ta fara, tana da Isla Blanca Park a ƙarshen kudu na tsibirin South Padre. Wuraren tirela sun haura 600, da yawansu da ruwa da wuta da bututun masai, kuma ana biyan wata a lokacin hunturu. Tana kuma da Andy Bowie a arewacin tsibirin da Adolph Thomae a Arroyo City, wurin masunta. A nan baƙin hunturu ba kaya ba ne a wuyan gari, su ne kasuwar garin, har suna da sunan da ake kiransu da shi na 'yan Texas na hunturu. Amma kada ki zo da hoton Arizona a ranki. Isla Blanca fili ne shimfiɗaɗɗe, tireloli a jere kusa da juna, inuwa kaɗan. Ribarsa teku a bakin ƙofa, kuma daga nan ake kallon tashin rokokin SpaceX daga Boca Chica, tsallaken mashigin ruwa. Iska ba ta hutawa. Rumfar jikin tirela idan kika bar ta a buɗe kika tafi kasuwa, ƙila ki dawo ki tarar da ita a kan rufi. Gishirin teku na cin ƙarfe, sai ana wanke mota da ƙasan tirela akai-akai. Idan Maris ya kama ɗaliban jami'a kan cika tsibirin da hutunsu da kiɗansu, lokacin tashin dattawa ya yi. Wuraren wata-wata kuma da wuri suke ƙarewa, ki buga wa ofishinsu waya tun bazara ki ji ranar da suke buɗe rajista.

Sanyi ma yakan leƙo can. Iskar arewa na iya sauke zafi da digiri goma sha wani abu cikin yini guda, ta yi kwana biyu ta wuce. A Fabrairun 2021 kuwa ƙanƙara ta kai har bakin iyaka, wuta ta ɗauke kwanaki a faɗin Texas, har aka riƙa kwaso dubban kunkurun teku da sanyi ya sandarar ana jera su a babban ɗakin taron tsibirin. Masu tirela da tukwanen gas ɗinsu ke cike sun fi masu gidaje da yawa jin daɗi a satin nan.

Florida ba zan daɗe a kanta ba, don ta fi ko'ina wuyar samu. Fort De Soto na gundumar Pinellas, kusa da St. Petersburg, tsibirai biyar ne, eka 1,136, da tsohuwar ganuwar soja da aka fara ginawa a 1898 lokacin yaƙi da Sifaniya. Wuraren kwana sun haura 230, da yawa a bakin ruwa. Sai dai 'yan gundumar na kama wuri wata bakwai kafin lokaci, baƙo wata shida, don haka kafin layi ya zo kanku an tsince na bakin ruwa. Guguwar Helene da Milton sun yi masa ɓarna a 2024 har aka rufe shi na wani lokaci. A sauran gundumomin jihar, Miami-Dade na da Larry and Penny Thompson kusa da gidan namun daji, Palm Beach na da John Prince, Broward na da Markham da wasu. Arewacin jihar kuma ba wurin gudun sanyi ba ne, a Janairun 2025 dusar ƙanƙara ta rufe Pensacola. Ɗumi na gaske sai an gangara daga Tampa zuwa ƙasa.

Mu koma cikin tirelar, domin nan ne zaman ke daɗi ko ya gundure ku. Yawancin zangunan gunduma na Arizona ruwa da wuta kawai suke bayarwa a wurin kwana, babu bututun masai. Tirelarku na da tankuna uku a ƙasa: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayi. A irin girman taku kowanne na ƙazantar yakan ɗauki galan 30 zuwa 40. Na wanke-wanke shi ke fara cika, mutum biyu masu alwala sau biyar da girki irin namu mai tukwane, kwana uku ko huɗu ya kai maƙura, ki ga ruwa na tasowa a wurin wanka. Zubar da shi a ƙasa laifi ne mai tara. Dabara ita ce ku yi wanka a banɗakin zango, na Maricopa akwai ruwan zafi kuma da tsabta. Alwala a yi da buta a bakin ƙofa. Kwanuka a goge maiƙonsu da takarda kafin a wanke. Ku kuma sayi ɗan tankin nan mai taya da ake juye ruwan a ciki a ja shi da mota zuwa ramin juyewa, ya fi a ɗaura tirela gaba ɗaya duk kwana huɗu. Tankin bayi kuwa mu masu tsarki da ruwa mun ci riba, domin ruwa yake so; masu cika shi da takarda su ke fama da toshewa. Ko kun samu wuri mai bututu a Texas, kada ku bar makunnin tankin bayi a buɗe. Ruwan zai tsiyaye ya bar tudu ya bushe. A bar shi a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, a saki, sannan a saki na wanke-wanke ya ɗauraye bututun.

Wutar tirela irin taku mai amfiya 30 ce, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Hitar ɗaki na cin 1,500, butar lantarki ma haka. Ki kunna su tare da sahur, firji na aiki, ki ƙara da na'urar ɗumama abinci, sai ɗif, Alhaji ya fita cikin ɗari da tocila yana laluben makunnin turke. Tunda kuɗin wuta na cikin kuɗin kwana a zangon gunduma, hita ce abin dogaro a daren da sanyinsa bai kai sifili ba. Idan zai kai, a kunna murhun ɗumama ɗaki na gas, don a tireloli da yawa shi ke hura ɗumi wajen bututun ruwa. Amma yana shan gas: tukunya mai fam 20 ba ta fi awa 14 ba idan yana ci babu tsayawa, kuma fankarsa da batir take aiki. Kada a taɓa ɗumama ɗaki da murhun girki ko gawayi. Mun san abin da hayaƙin janareta ke yi wa iyali a ɗaki rufe. Wannan ma shi ne, a ɗakin da bai kai shago ba. Ki duba na'urar gargaɗin hayaƙi da ta gas da ke jikin bango, suna da ranar mutuwa a rubuce, a tirelar hannu sau da yawa ta wuce.

A hamadar Arizona za ki ga motoci a jere da bonet a buɗe da dare, wasu da fitilu a shimfiɗe a ƙasansu. Ba lalacewa suka yi ba. Wani ɓeran daji ne mai tara tarkace yake son ɗumin inji, ya shiga ya yi sheƙa ya ci wayoyi. Ni sai da ya ci mini na dala ɗari da wani abu na koyi buɗe bonet. Akwai kuma wata ƙaya da ake kira cholla, gaɓarta na ɓallewa ta manne a zane ko takalmi da an goge ta. Ba a cire ta da hannu, mataji ake zurawa a ƙarƙashi a fizge. Macizai na kwance a tsakiyar hunturu, sukan fara fitowa idan Maris ya yi ɗumi. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci, kuma ba kowa zai gaya miki ba, shi ne zazzaɓin kwari, wanda Turawa ke kira Valley fever. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna da ke cikin ƙasar kudancin Arizona da tsakiyar Kalifoniya, ana shaƙarta a ƙura. Yawancin mutane ba sa ma sanin sun kamu, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lissafa baƙar fata, da masu ciwon suga, da waɗanda suka haura shekara 60 cikin waɗanda takan yi wa tsanani. Wannan bai hana ni zuwa ba, bai kuma kamata ya hana ku ba. Ranar da iska ta tada ƙura a shiga ciki a rufe taga. Idan tari da zazzaɓi da kasala suka wuce sati, ko bayan kun koma gida ne, ki gaya wa likita da bakinki cewa kun zauna a Arizona, domin likitan Minnesota ba lalle tunaninsa ya je can ba, kuma maganin nimoniya ba ya taɓa ta. Kafin tafiya ku duba inshorarku: Medicare na asali, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga dattawa, na aiki a kowace jiha, amma da yawa daga tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanoni ke gudanarwa, na da iyakar asibitoci, Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuma na jiharku ne in ba gaggawa ba.

Ta fuskar ibada, a shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, kuma azumin hamada da hunturu mai sauƙi ne, yini gajere, babu ƙishi. Akwai masallacin Juma'a a Tempe, gefen Phoenix, kusa da jami'a, akwai a Tucson, akwai a Brownsville da McAllen a kudancin Texas. Naman halal ya fi samuwa a yankin Phoenix. A Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka ƙasaru ta kwanakin hanya ce, zaman sati biyu a zango cika salla ake yi. Ki ƙara tuntuɓar malaminku. Maƙwabta akasari tsofaffin Turawa ne, masu gaisuwa da son hira, kuma kusan kowa da karensa, amma doka ta ce a riƙe shi da igiya, ƙarfe goma na dare kuma a yi shiru. Uwargidana da hijabinta abin da ta fi samu tambaya ce: daga ina, me ake dafawa haka mai ƙamshi. Ranar da ta soya ƙosai layinmu gaba ɗaya ya san sunanta.

Idan shawarata kike so ƙarara, shekarar farko ku nufi Texas. Hanyar I-35 ta miƙe daga Minneapolis har San Antonio, daga nan ku gangara, jimla kusan kilomita 2,400, babu hawan dutse. Kwana shida a hankali, kada a wuce kilomita 450 a yini. Ku tashi a farkon Nuwamba kafin hanya ta yi santsi, jan tirela a kan ƙanƙara ganganci ne. Ruwan hana daskarewa mai launin hoda da ke cikin bututunku ku bar shi sai kun shiga Texas sosai, a hanya a yi amfani da jarka. Ku zauna wata biyu ko uku a wuri ɗaya ku san halin tirelarku, Arizona da kewayenta a bar wa shekara ta biyu, lokacin ɗaurawa da kwancewa sun zama jiki. Wajen dawowa daga kwarin Rio Grande akwai shingen jami'an kan iyaka a Sarita da Falfurrias, nesa da iyakar kanta, suna tsayar da kowa. Katin zama ko fasfo ya kasance a gaban mota, ba a ƙasan akwati a cikin tirela ba. Tayoyin tirelar kuma a duba shekarar da aka buga a gefensu. Idan sun haura shekara biyar ko shida a canza, ko da zanensu bai goge ba.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku yi tun kafin ganye ya zube. Wuraren zangon gunduma da yawa da baya ake shiga, kuma a aikina na ga auren shekara arba'in ya girgiza a kan wannan, miji na ihu ta taga, mata na kaɗa hannu a inda ba ya ganinta, maƙwabta sun fito da kujeru. Ku sami filin ajiye motoci da babu kowa ranar Lahadi da safe, ku jera jarkoki huɗu a matsayin wuri. Ke ki tsaya a baya ta ɓangaren direba inda zai gan ki a madubi, waya a kunne, kada ki ce dama ko hagu, ki ce ɓangarenka ko ɓangarena. Shi kuma ya ɗora hannu a ƙasan sitiyari: duk inda ya tura hannun, can gindin tirelar zai nufa.